Waiwaye: Ɗan lakwal da ba shi da makwanci a Damagaram

A takardar rajistar kwaleji akwai gurbin sunan uba, akwai na garin haihuwa, akwai kuma na mai masauki, wanda turawan Faransa ke ce wa tuteur. Babu gurbin da ke tambayar inda yaro ya kwana daren jiya. Shi ya sa idan ka ce wa malamin makaranta a Damagaram akwai ɗalibai marasa matsuguni a ajinsa, zai iya yi maka musu da zuciya ɗaya, don a takarda kowa yana da gida.

Lokacin da nake koyarwa a wata kwaleji a cikin gari, akwai yaron da kullum ƙarfe tara ba ta cika sai kansa ya kife bisa tebur. Na kore shi waje ya fi a ƙirga. Sai wata ranar hunturu, na fito sallar asuba, na gan shi a rumfar wani mai shayi kusa da tasha, ya lulluɓa da buhu, ya yi matashi da jakar littattafansa. Ashe mai masaukin da aka rubuta masa ya tashi daga garin tun watan Nuwamba, shi kuwa tsoro ya hana shi faɗa, kada a mayar da shi ƙauye.

Matsalar ba yau ta fara ba, amma da can garin yana da dabarar da yake rufa mata asiri. Tun zamanin Sarki Tanimun, Damagaram gari ne na baƙi: fatake daga Kano da Agadas, da malamai masu tafe da almajiransu. Yaron da ya zo karatun allo yana kwana a zauren malam ko na wani attajiri, yana da uwar ɗaki da ke ajiye masa ɗan tuwo, shi kuma ya ɗebo mata ruwa. Rayuwa ce mai wuya, kada a yi mata kwalliya, amma dai an san inda yaro yake, an kuma san wanda za a tambaya in ya ɓace.

Boko ya zo da nasa tsarin. Zinder, wato Damagaram, ta riƙe matsayin babban birnin mulkin mallaka na Nijar daga 1911 zuwa 1926, kafin a koma Yamai, kuma makarantun gaba da firamare na wancan zamani, har bayan samun ƴancin kai a 1960, ƴan kaɗan ne, ɗalibansu ma tsiraru ne. Wanda ya ci jarrabawa daga Magarya ko Gure ko Tanut, gwamnati ce ke ɗaukar nauyinsa a makarantar kwana: gado, bargo, sabulu, abinci. Ka zauna da dattawan da suka yi karatu a shekarun 1970, hirar ba ta nisa sai ta faɗa kan shinkafar makaranta. Kuɗin yuraniyom na Arlit ne ya riƙe wannan tukunya a zamanin Seyni Kountché.

Da farashin yuraniyom ya karye a farkon shekarun 1980, ƙasa ta shiga shirin tsuke bakin aljihu na Asusun Lamuni na Duniya da Bankin Duniya, ɗakunan kwanan ɗalibai na cikin abubuwan da aka yi ta rufewa. Abin da ya maye gurbinsu ɗan alawus ne, wanda ba ya isa kuma ba ya zuwa a kan kari. Ƙungiyar ɗalibai ta USN ta sha fita yajin aiki a kansa. A watan Janairun 1994 aka rage darajar sefa da rabi, ɗan abin da ke hannu ma ya narke. A nan ne aka juye nauyin a kan jama'ar gari ba tare da an yi shawara da kowa ba. Uba ya kawo ɗansa daga ƙauye da buhun hatsi, ya damƙa shi ga wani ɗan uwa ko ɗan garinsu, ya ce ga amana.

Amanar ta riƙe na wani lokaci. Sai ɗalibai suka yawaita, musamman bayan shirin shekara goma na bunƙasa ilimi da aka soma a 2003, wanda ya cika ƙauyuka da firamare. Masu masauki kuwa ba su ƙaru ba, sai ma talaucewa da suka yi. Gini ma ya sake: sababbin gidaje ba su da zaure, ƙofar ƙarfe ce da ake garƙamewa bayan isha'i. A garin da ruwan sha ma sai an saya daga ƴan ga-ruwa, ƙarin baki ɗaya a gida ba ƙaramin abu ba ne. Yarinya takan zama ƴar aiki a gidan da aka kai ta, har ta gaji ta koma a yi mata aure. Namiji kuwa ya koma shago, ko masallaci, ko dakalin Kasuwar Dole, yana dako da yamma. Daga can zuwa shiga ƙungiyoyin samarin nan da ake kira pale, taku kaɗan ne, don su aƙalla suna ba da wurin kwana da abin sa wa a baki.

Ba a zauna haka nan ba, gaskiya. Hukumar abinci ta duniya, PAM, ta daɗe tana tallafa wa ciyar da yara a makarantu, sai dai ƙarfinta yana firamaren karkara da na makiyaya. A watan Disamban 2017 gwamnati ta fitar da dokar kare yarinya mai karatu. Mohamed Bazoum, da ya hau mulki a 2021, ya yi alkawarin gina makarantun kwana 100 na ƴan mata, kuma ta Kelle, a gundumar Gure ta nan jihar Damagaram, tana cikin na farko da aka buɗe. Juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya zo ba a kai ƙarshen alkawarin ba. A ganina shirin ya gano bakin zaren, tunda ya mayar da gado cikin lissafin karatu, amma an yi shi ne don ƴan matan karkara. Saurayi ɗan shekara sha biyar da ke kwana a tasha cikin birni bai shiga ciki ba.

Abin da ya rage masa shi ne imanin ɗaiɗaikun mutane: mai gadin makaranta da ke kau da kai ya bar aji ɗaya a buɗe da dare, malamar da ke zuwa da kwano biyu, kwamitin iyaye da ke yafe masa kuɗin gudummawa. Duk ba a rubuce suke ba, ranar da aka yi wa mutumin canjin wurin aiki, taimakon ya bi shi.

Shi yaron nan nawa, na sama masa wuri a ɗakin wani ɗan uwana a Zango har ƙarshen shekara. Makinsa bai kai ba, tunda rabin shekarar ta riga ta tafi a barci. A takardar sallamarsa an rubuta dalili: rashin ƙoƙari. Ni ma na sa hannu a ƙasa, tare da sauran malamai.