Karawar Toronto Maple Leafs da Montreal Canadiens a 2021

Toronto Maple Leafs da Montreal Canadiens ƙungiyoyi ne na wasan hoki na kan ƙanƙara a ƙasar Kanada, duka suna cikin NHL, babbar gasar hoki ta ƙungiyoyin Kanada da Amurka. Sun haɗu a zagayen farko na neman Kofin Stanley, wato kofin zakarun gasar, a watan Mayun 2021, inda ƙungiyar da ta riga cin wasa huɗu cikin bakwai take wucewa. Kafin nan, rabonsu da haɗuwa a wasannin neman kofin tun 1979.

Tarihin hamayya

An kafa Canadiens a 1909, tun kafin a kafa NHL ɗin kanta a 1917, shekarar da ƙungiyar Toronto ta fara wasa. Sai a 1927 aka raɗa mata sunan Maple Leafs. Hamayyar ta wuce ta fili: Montreal na lardin Kwibek ne, inda Faransanci ya fi rinjaye, Toronto kuwa cibiyar masu Ingilishi ce, don haka kowane ɓangare yakan ɗauki ƙungiyarsa a matsayin tutarsa. Montreal ta ɗauki kofin sau 24, fiye da kowace ƙungiya, na ƙarshe a 1993. Toronto na da 13, kuma na ƙarshen a 1967 ne, a hannun Montreal ɗin ta karɓe shi.

Yadda suke kafin karawar

Annobar korona ta sa an rage kakar zuwa wasa 56, aka tara ƙungiyoyin Kanada bakwai a rukuni ɗaya. Toronto ta zo ta ɗaya da maki 77, Montreal ta huɗu da 59, kuma cikin haɗuwa goma da suka yi a kakar Toronto ta ci bakwai. Ƙarfinta a gaba yake: Auston Matthews ya zura ƙwallo 41, mafi yawa a gasar, abin da ya ba shi kyautar da ke ɗauke da sunan Maurice Richard, wanda gwarzon Montreal ne. Mitch Marner da kyaftin John Tavares na mara masa baya. Abin da ake yi wa Toronto gori da shi a lokacin shi ne tun 2004 ba ta tsallake zagaye ko ɗaya ba.

Montreal ta sallami kocinta Claude Julien a watan Fabrairu, Dominique Ducharme ya riƙe. Dogaronta yana kan gola Carey Price da kyaftin Shea Weber a baya. Yawancin masu sharhi Toronto suka ba.

Sakamako

Tavares ya ji mummunan rauni a wasan farko, bai sake bugawa a karawar ba. Duk da haka Toronto ta yi gaba da wasa 3 da 1, sannan Montreal ta ci uku a jere, na ƙarshen ranar 31 ga Mayu. Matthews sau ɗaya ya zura a wasannin bakwai. Har yanzu ana saɓani kan ko bajintar Price ce ko gazawar taurarin Toronto. Montreal ta kai zagayen ƙarshe, inda Tampa Bay Lightning ta doke ta da wasa 4 da 1.