Dokar CEQA: matakan da kamfani ke bi kafin ya gina sabuwar harabarsa a Kalifoniya

A jihar Kalifoniya ta Amurka, mallakar fili ba ta isa kamfani ya kawo katafila ya fara share shi ba. Sai majalisar birni ta ba da izini, ita kuwa majalisar akwai dokar da ta ɗaure ta: dokar kare muhalli da ake kira CEQA, wadda Gwamna Ronald Reagan ya sa wa hannu a 1970. Da fari an ɗauka ayyukan gwamnati kaɗai ta shafa, sai a 1972 kotun ƙolin jihar ta yanke cewa aikin 'yan kasuwa ma, muddin yana buƙatar izinin hukuma, ya shiga ciki.

Idan aikin zai iya yin babbar illa, dole a rubuta rahoto a kansa, galibi da kuɗin kamfanin. A ciki za a faɗi abin da ginin zai jawo wa ruwa, iska, gonaki, namun daji da zirga-zirgar motoci, a kawo hanyoyin rage ɓarnar, a kuma auna wasu zaɓuɓɓuka, har da barin filin yadda yake. Ana ba jama'a aƙalla kwana 30, sau da yawa 45, su karanta daftarin su yi ƙorafi, kuma wajibi ne hukuma ta amsa ƙorafin da ya shafi muhalli a rubuce.

Sai dai dokar ba ta hana gini. Ko rahoton ya nuna ɓarnar da ba ta da magani, majalisa na iya amincewa, in dai ta rubuta dalilinta, misali ayyukan yi ko kuɗin haraji. Wanda bai gamsu ba yana da kwana 30 bayan sanarwar amincewa ya garzaya kotu, kuma abin da alƙali zai duba shi ne ko an bi ƙa'ida, ba ko aikin ya dace ba. Wannan ƙofar ce ake yawan kuka da ita, don wasu kan shigar da ƙara ne kawai don su ja wa aiki lokaci. A 2025 ma an yi gyara, aka cire gina gidaje a cikin gari da wasu ayyuka daga wannan dogon bincike.

Kwarin Coyote da ke kudancin birnin San Jose ya nuna iyakar ƙarfin dokar. A 2000 majalisar birnin ta amince wa kamfanin Cisco, mai ƙera kayan sadarwar intanet, ya gina haraba ta ma'aikata 20,000 a wurin, alhali kwari ne na gonaki da ke riƙe ruwan ambaliya, kuma mashigar namun daji ce tsakanin tsaunukan Santa Cruz da na Diablo. Ƙungiyoyin kare muhalli irin su Sierra Club suka kai ƙara. Amma abin da ya tsayar da ginin a zahiri shi ne karyewar kasuwar kamfanonin intanet, har Cisco ya ja da baya a 2001.

Filin bai tsira ba sai da aka fito da kuɗi. A 2018 masu zaɓe a San Jose suka amince a ciwo bashin ayyuka, aka ware har dala miliyan 50 don kwarin. A 2019 birnin da hukumar kula da filaye ta yankin da ƙungiyar POST, mai sayen filaye don kare su, suka haɗu suka sayi eka 937 a kan kimanin dala miliyan 93, sannan a 2021 majalisar ta sauya tsarin arewacin kwarin daga na masana'antu zuwa na noma da filin da ba a gini a kai.