Waiwaye: Daga Jambo Zuwa A380, Me Ya Rage Wa Manyan Jiragen Fasinja?

Mazauna Palladan da Kwangila sun saba da ƙugin ƙananan jiragen koyo na Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964. Babban jirgi kuwa Bazazzage ya fi saninsa lokacin jigilar alhazai, ranar da aka kwashi maniyyata daga sansanin Mando zuwa filin jirgin Kaduna, su tarar da Boeing 747 yana jiransu, da tozonsa a ka kamar na bijimi. Shi ne Jambo, wanda kamfanoni irin su Kabo Air da Max Air suka shafe shekaru suna kai mutanen Arewa Jidda da Madina a cikinsa. Yanzu an daina ƙera shi. Na ƙarshe, cikon na 1,574, an miƙa shi ranar 31 ga Janairu 2023, kuma na dakon kaya ne. Airbus A380 mai hawa biyu, wanda ya fi shi girma, ya riga shi rufe masana'anta tun ƙarshen 2021. Abin mamakin shi ne masu shiga jirgi ƙaruwa suke yi, ba raguwa ba.

Asalin Jambo ciniki ne tsakanin kamfani biyu. A tsakiyar shekarun 1960 shugaban kamfanin jiragen Amurka na Pan Am, Juan Trippe, ya ga filayen jirgi sun cunkushe da Boeing 707 wanda ɗaukarsa ba ta kai mutum 200 ba, ya nemi Boeing ta ƙera wanda zai ninka shi. A Afrilun 1966 ya yi odar guda 25 a kan dala miliyan 525, tun jirgin yana kan takarda. Tozon nan ba don ado aka yi shi ba. A lokacin kowa ya ɗauka jirage masu gudun da ya wuce na sauti, irin Concorde, su za su kwashe fasinja nan da ɗan lokaci. Don haka injiniya Joe Sutter da mutanensa suka ɗaga ɗakin matuƙa sama, yadda hancin jirgin zai iya buɗewa a zura kaya ta gaba idan kasuwar fasinja ta mutu. Hasashen bai tabbata ba, amma dabarar ce ta tsawaita ran jirgin, don masu dakon kaya su suka riƙe shi har ƙarshe.

Ya fara tashi ranar 9 ga Fabrairu 1969, ya ɗauki fasinjan farko daga New York zuwa Landan a Janairun 1970. Farkon bai yi daɗi ba. Injin JT9D na kamfanin Pratt & Whitney sabon salo ne mai ƙatuwar fanka a gaba, kuma idan aka ba shi wuta sosai wajen tashi sai gangar jikinsa ta ɗan lanƙwashe, ta bar da'ira ta koma kamar ƙwai, ruwan fankokin ciki su riƙa gogar bango. Jirage da dama suka yi ta zama a harabar masana'antar Boeing da ke Everett babu inji, an rataya musu tubalan kankare a mazaunin injin don kada su rinjaya baya, har sai da aka sake fasalin ƙarfen da ke riƙe injin a fiffike. Bashi ya kusa durƙusar da Boeing, ta sallami fiye da rabin ma'aikatanta. Sai ga tashin farashin mai na 1973, wasu kamfanonin Amurka suka rasa fasinjan cika shi, suka sayar.

To me ya sa duk da haka ya yi sarauta shekara talatin? Yawan kujeru yana ciki, don shi ya karya kuɗin tikiti har mai matsakaicin hali ya fara ƙetare teku. Amma babban dalilin wata doka ce. Tun 1953 hukumar jiragen saman Amurka ta hana jirgi mai inji biyu yin nesa da filin da zai iya sauka fiye da tafiyar minti 60 da inji ɗaya. Ma'ana, mai son ratsa babban teku kai tsaye dole ya nemi mai inji uku ko huɗu. Kamfanoni da yawa sun sayi 747 mai inji huɗu ne saboda dogon zangonsa, kujerun kuma suka zame musu ɗawainiyar da dole a nemi masu zama a kai.

Da injuna suka ƙara aminci sai aka fara sassauta dokar a ƙarƙashin tsarin da ake kira ETOPS. A 1985 aka ba Boeing 767 damar minti 120, ya fara ratsa tekun Atlantika da inji biyu. A 1988 aka kai minti 180. Boeing 777 ya shigo aiki a 1995 da wannan izini tun ranar farko, daga baya 787 ya sami minti 330, Airbus A350 kuma 370. Izinin yana da sharuɗɗa masu tsauri, waɗanda duk ɗalibin gyaran jirgi ke haddacewa: ana bin diddigin man da kowane inji ke sha sawu bayan sawu, kuma ana kauce wa barin makaniki ɗaya ya yi aiki iri ɗaya a injunan biyu a zama guda, don kada kuskure ɗaya ya maimaitu hagu da dama. Da wannan ƙofa ta buɗe, inji na uku da na huɗu suka zama nauyi kawai: ƙarin mai, ƙarin kayan gyara, ƙarin kuɗin kwancewa da ɗaurawa.

A nan ne manyan kamfanonin biyu suka raba hanya. Airbus ta yi lissafin cewa duniya za ta riƙa taruwa a 'yan manyan mahaɗu irin Landan, Dubai da Singafo, inda gurbin sauka ya yi ƙaranci, don haka mafita ita ce jirgi ɗaya ya kwashi na jirgi biyu. Boeing ta ce a'a, matafiyi ya fi son tashi daga garinsu ya sauka inda za shi ba tare da canji ba, ta zuba kuɗinta a 787 mai ɗaukar mutum 250 zuwa 300. Duk wanda ya taɓa jiran lodi a tashar Kwangila ya san wannan lissafi. Doguwar bas ta fi araha ga kowane mutum idan ta cika, amma kafin ta cika ƙananan motoci uku sun tashi, kuma su fasinja ke bi.

An ƙaddamar da aikin A380, shi ma mai inji huɗu, a Disambar 2000, ya fara tashi ranar 27 ga Afrilu 2005. Daga bakin fiffike zuwa ɗaya bakin kusan mita 80 ne, wato ya fi faɗin filin ƙwallo. Nauyinsa wajen tashi yana kai tan 575, a kan tayoyi 22. Tankunansa suna cin kusan lita 320,000, kwatankwacin tankar mai goma irin masu lita 33,000 da ke bin hanyar Kaduna zuwa Kano. A gwajin ficewar gaggawa da aka yi a Hamburg a 2006, fasinja 853 da ma'aikata 20 suka fita cikin daƙiƙa 78, alhali an toshe rabin ƙofofinsa 16. Abin da ya jawo masa jinkirin kusan shekara biyu kuwa wayoyi ne. Jirgin yana ɗauke da wayar lantarki ta kusan kilomita 500, kuma injiniyoyin Jamus da na Faransa sun yi zane da tsohon samfuri da sabon samfurin manhajar kwamfuta ɗaya, waɗanda ba su jituwa. Da aka zo haɗa sassan a Toulouse sai wayoyi suka gaza tsawo, aka koma yi da hannu. Sai ranar 25 ga Oktoba 2007 Singapore Airlines ta fara jigila da shi.

Wahalar da ta fi wannan tana ƙasa. Hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, ta rarraba filaye bisa faɗin fiffike: rukunin E na mita 52 zuwa ƙasa da 65, inda 747-400 da 777 suke, rukunin F kuma daga 65 zuwa ƙasa da 80, inda A380 yake. Shiga rukunin F yana nufin faɗaɗa hanyoyin da jirgi ke bi zuwa wurin tsayawa, da matsar da fitilu da alamomi, da gadar shiga ta hawa na sama, da motar turawa mai ƙarfi, da motocin kashe gobara na mataki na 10, wanda shi ne ƙololuwa. A titin sauka mai faɗin mita 45, injunan waje na A380 suna rataye ne bayan gefen kwalta, shi ya sa injuna biyu na ciki kaɗai aka yi wa na'urar juya iska baya don rage gudu. Da an sa wa na waje, da tsakuwa da ciyawa za su riƙa tasowa suna shiga inji. Sannan akwai guguwar da fiffikensa ke bari a baya. Mai kula da zirga-zirga a hasumiya yakan bar mil 4 na ma'aunin teku tsakanin manyan jirage biyu masu sauka, amma bayan A380 sai ya bar 6, ga ƙaramin jirgi kuma 8, kusan kilomita 15. Wani ɓangare na ribar gurbin da aka yi jirgin dominta a nan yake zubewa.

Girma kuma yana ƙara girman asara idan an yi sake. Ranar 12 ga Agusta 1985 wani 747 na Japan Airlines ya faɗi da mutum 524, huɗu kaɗai suka tsira. Bincike ya gano cewa shekara bakwai kafin nan wutsiyarsa ta bugi ƙasa wajen sauka, kuma wajen gyaran bangon baya mai riƙe iskar cikin jirgi an raba farantin haɗi gida biyu, sai layin ƙusa ɗaya ya ɗauki nauyin da aka tsara wa layi biyu. Tsaga ta yi ta ci a hankali har bangon ya fashe, ya tsinke dukkan hanyoyi huɗu na man da ke motsa fiffike da wutsiya.

A ƙarshe A380 guda 251 kacal aka miƙa, 123 daga ciki na Emirates ne, kamfanin da ya gina harkarsa kacokan a kan mahaɗar Dubai. Ranar 14 ga Fabrairu 2019 Airbus ta sanar da tsayar da ƙera shi. Bai yi kasuwar gwanjo ba, kuma ba a mayar da shi na kaya kamar Jambo, don haka wasu daga na farko an farke su an sayar da sassa suna da shekara goma da 'yan kai. Annobar korona ta 2020 ta ƙarasa abin da ya rage: British Airways da KLM da Qantas suka ajiye 747, Air France ta ajiye A380. Da matafiya suka dawo, sababbin jirage kuma suka yi jinkirin fitowa, wasu kamar Lufthansa sun sake fito da nasu A380 daga ajiya, amma wannan cin tsohon hatsi ne kafin kaka.

Aikin hajji yana daga 'yan wuraren da lissafin babban jirgi ke tsayawa da ƙafarsa, don jama'a ce mai yawa za ta wuri ɗaya cikin makonni kaɗan. A 2023 an ba Najeriya kujera 95,000. Da jirgi mai ɗaukar 500 sawu 190 ke nan, da mai ɗaukar 300 kuma sun haura 310, kowanne da neman gurbinsa a Jidda ko Madina. Sai dai jigilar hajji rabinta fanko ce. Lokacin tafiya jirgi yana dawowa babu fasinja, shi ya sa ake loda masa ruwan zamzam na alhazai, lokacin dawowa kuma yana tafiya babu kowa. Jirgin da zai yi aiki wata biyu ko uku ya huta, sabo dal ba zai biya bashinsa ba. Tsohon 747 da aka saya da araha shi ya dace, ko da yana shan mai kamar rairayi. Matsalarsa ita ce ranar da ya lalace mutum 500 ne ke kwana a sansani, kuma idan kamfani jirgi biyu gare shi, rabin ƙarfinsa ya tsaya. Na fasinja mafi ƙuruciya a samfurin 747-400 an ƙera shi ne a 2005, wasu kayan gyaransa kuma daga waɗanda aka farke ake samo su.

Akwai kuma zafi. Daga 2023 zuwa 2025 jigilar ta riƙa faɗowa ne a watan Mayu da Yuni. Iska mai zafi ba ta da kauri, ga Kaduna tana bisa tudu, sama da mita 600 daga matakin teku, don haka inji ba ya ba da cikakken ƙarfinsa, fiffike kuma yana buƙatar ƙarin gudu kafin ya ɗaga. Idan tsawon titi bai isa ba, dole a rage nauyi: ko mai, ko kaya, ko mutane. Yawanci jakunkuna ake bari su biyo baya, ko a jinkirta tashi zuwa dare, abin da maniyyaci kan ɗauka wulaƙanci ne alhali lissafin matuƙi ne. Kaduna ta ga ɗaya fuskar al'amarin a Maris da Afrilun 2017, lokacin da aka rufe filin Abuja mako shida don gyaran titi, aka karkatar da jirage zuwa Kaduna. Yawancin kamfanonin waje sun ƙi zuwa, Ethiopian Airlines kuwa ta sauka da 787, irin jirgin da aka ƙera don garuruwan da ba za su cika Jambo kullum ba. Jiragen da ke karɓar jigilar alhazai yanzu, irin su A330 da 777, duk masu inji biyu ne.

Babban jirgin da ke tafe, Boeing 777-9, inji biyu gare shi, kujerunsa kuma wajen 400. Fiffikensa ya kai kusan mita 72 a sama, abin da zai jefa shi rukunin F. Don kauce wa hakan aka yi wa bakin kowane fiffike gaɓa: da ya sauka ya rage gudu, kimanin mita uku da rabi na kowane gefe sai ya naɗe sama, faɗin ya koma ƙasa da mita 65, ya shiga wurin tsayawar da tsohon 747-400 ya bari.