Fiyus mai amfiya 20: ina dokar gasar robot ta tsaya?

Wata magana tana yawo tsakanin malaman da ke shirya ɗalibai don gasar FIRST Tech Challenge, wato gasar ƙera robot ta ɗalibai, a makarantunmu na wajen Ringim da Gumel: wai in robot ya ja wuta fiye da amfiya 20 (amfiya ma'aunin yawan wutar da na'ura ke ja ne), alƙalai za su kori makarantar. Ba haka ba ne. Babu alƙalin da ke bin robot da mita a fili. Batir da fiyus ɗinsa doka ta ƙayyade, kuma ta shafi kowace tawaga, ta birni da ta ƙauye.

Batir ɗaya tak aka yarda da shi, nau'in NiMH da ake sake caji, mai bolt 12, mai ɗaukar caji 3000 mAh, daga cikin waɗanda littafin gasar ya amince da su, da fiyus mai amfiya 20 a jikin wayarsa. Moto kuma, wato ƙananan injinan lantarki da ke motsa robot, kada su wuce 8. Batirin babur ma bolt 12 ne, na sola ma haka, amma ba a karɓar su.

Rikicin yana kan fiyus. Ba ya ƙonewa da zarar wuta ta kai amfiya 21. Zafi ne ke narkar da shi, zafi kuwa sai ya taru. Ƙaramin wucewa na ɗan lokaci yana jurewa, amma in wuta ta ninka, daƙiƙoƙi kaɗan ne ya tafi. Moto ɗaya samfurin REV HD Hex in ya maƙale yana jan amfiya 8.5. To, a ce huɗu na taya sun tokare da bango, yaro kuma bai saki maɓalli ba: amfiya 34 ke nan. Wani lokaci ma kafin fiyus ya ƙone bolt ya faɗi, Control Hub, wato ƙwaƙwalwar robot ɗin, ya ɗauke, robot ya tsaya cak a tsakiyar wasa. Yawanci laifin giyar moto ne da aka zaɓa don gudu aka ɗora mata nauyi, ko tsohon batir, ko fulogi da ya yi sako-sako.

In fiyus ya ƙone, an yarda a sauya da irinsa ko wanda bai kai shi ba. Launi zai nuna maka: rawaya 20 ne, shuɗi 15, kore 30. Kore haramun ne. Haka ma dabarar nan ta garejinmu, a naɗa siririyar waya ko takardar gwangwani a wuce wurin. Wayar batirin ce za ta zama fiyus ɗin, ta narke a hannun yaro.

Hukuncin wanda ya sa fiyus ko batirin da bai dace ba fa? Robot ba zai tsallake binciken da ake yi kafin wasa ba, ba zai shiga fili ba sai an gyara, a sake dubawa. Iyakarsa ke nan ga wanda ya gyara. Rawayen fiyus ɗin kuwa, ƙaramin samfurin, akwai shi wurin masu wayarin mota. A sayi biyar a ajiye.

Dokar fiyus ba ta da abin zargi. Ta batir ce ke da ciwo, don daga waje ake kawo shi da dala, makarantar da ke caji da janareta kuma da ƙyar take mallakar biyu. Mai guda ɗaya ya kula da shi: kada a bar shi a rana ko cikin mota a zafin Afrilu, kada a sa shi caji yana da ɗumi, kuma a auna shi kafin wasa. Cikakke yakan nuna sama da bolt 13.