Shigar da ma'aikata cikin aikin kare muhalli a kamfanin sarrafa kifi: tambayoyi da amsoshi

Wace illa kamfanin sarrafa kifi yake yi wa muhalli tun farko?

Illar tana fitowa ne ta ruwa, da ragowar kifi, da wutar lantarki. Ana wanke kifi da ruwa, ana narkar da daskararre da ruwa, a wasu masana'antun ma da ruwa ake tura kawuna da kayan ciki zuwa inda ake tara su, sannan a ƙarshen aiki a wanke tebura da injina da daɓe. Ruwan da ke fita yana ɗauke da jini da maiƙo da gutsattsarin tsoka, kuma idan ya shiga kogi ko gaɓar teku ba a tace shi ba, ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da shi sai su shanye iskar oksijin da ke cikin ruwan, abin da yake kashe kifi da sauran halittu. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce ragowar da ake cirewa, wato kai da ƙaya da fata da kayan ciki, tana iya kaiwa kashi 70 cikin ɗari na kifin da aka sarrafa, gwargwadon nau'insa da irin aikin da aka yi masa. Wutar lantarki kuwa yawancinta tana tafiya ne wajen yin ƙanƙara da riƙe ɗakunan sanyi, domin daskararren kifi sai an ajiye shi a digiri 18 ƙasa da sifiri ko abin da ya fi haka sanyi.

Me ya sa ba za a bar wannan aiki ga injiniyoyi da manajoji ba?

Saboda yawancin ɓarnar a hannun ma'aikaci take faruwa, a lokacin da babu manaja a wurin. Mu ɗauki wankin dare. An tashi daga aiki, daɓe ya cika da ɓawon kifi da gutsattsari, mai wanki ya ɗauki tiyo yana kora su da ƙarfin ruwa har bakin magudana, idan rariyar ta toshe ya ɗage ta don ruwa ya wuce. Bai yi haka da mugunta ba, hanyar da ta fi sauri ke nan, kuma haka ya tarar ana yi. Amma duk abin da ya kora ya zama nauyi a kan injin tace ruwa, ga shi ya ƙara narkewa ya yi wuyar cirewa, alhali da an fara kwashe shi a bushe da buroshi da shebur, da ya tafi wurin masu yin garin kifi ko man kifi, ya zama abin sayarwa.

Haka batun tiyon da aka bari a buɗe. A ce yana zubar da lita 20 a minti ɗaya, aka jefar da shi a ƙasa aka tafi hutun rabin sa'a, lita 600 ke nan ta tafi a banza daga tiyo guda. Injiniya yana iya sa masa bakin da ke rufe kansa da zarar an saki hannu, amma idan bakin yana gajiyar da yatsu cikin safar hannu da sanyi, kafin mako ya zagayo za a tarar an ɗaure shi da roba ko an cire shi gaba ɗaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, kuma da an tambayi masu wankin kafin a sayo kayan, da sun faɗi irin bakin da hannu zai jure.

Shin akwai ƙa'idar da ta wajabta hakan?

Ƙa'idar ISO 14001 ta ƙasa da ƙasa kan yadda kamfani zai kula da muhalli, wadda ta fito a 1996 aka kuma sabunta ta a 2004 da 2015, ta buƙaci ma'aikata su san manufar kamfaninsu kan muhalli da tasirin aikinsu, su kuma samu horon da ya dace. Tsarin EMAS, wato tsarin kula da muhalli da bin diddiginsa na Tarayyar Turai, wanda aka kafa a 1993, ya wuce nan, domin ya sa shigar ma'aikata cikin aikin a matsayin sharaɗi. Dukansu biyu na sa-kai ne, sai dai manyan masu sayen kifi sukan nemi takardar shaida. Abin da doka ta fi tilastawa shi ne ingancin ruwan da ake zubarwa, kuma wannan ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa.

Ta ina ake farawa?

Ana farawa da awo. Kamfanin da ke da mitar ruwa ɗaya tak a bakin ƙofa bai san sashen da ke shan ruwansa ba, saboda haka sai a sa ƙananan mitoci a wurin narkar da kifi, da wurin yanka, da wurin wanki, a riƙa rubuta adadin a kan allo inda kowa zai gani. Ya fi kyau a rubuta lita nawa aka kashe a kan kowane tan na kifi, domin jimillar rana tana hawa da sauka ne da yawan kifin da ya shigo, ba ta nuna ƙoƙarin kowa.

Daga nan sai a kafa ƙaramin kwamiti da ya haɗa masu yanka, da masu wanki, da makanike, da mai kula da inganci, da wani shugaba mai ikon sa hannu a kashe kuɗi. A ganina kujerar masu wankin dare ita ce mafi muhimmanci, kuma ita aka fi mantawa da ita, domin sau da yawa ma'aikatan ɗan kwangila ne, suna shigowa bayan ofis ya rufe. Dole zaman ya kasance cikin lokacin aiki, a kuma biya shi. Farkon aikin kwamitin shi ne ya bi kifi da ƙafa daga inda ake sauke shi har ɗakin sanyi, yana lura da famfon da ke ɗiga, da ƙofar da aka tokare da kwali, da wurin da tsoka ke faɗuwa daga bel ɗin da ke jigilar kifi.

Akwatin shawara bai wadatar ba?

Akwati yana amfani ne idan ana buɗe shi. Kamfanin Toyota ya kafa tsarin karɓar shawarar ma'aikata tun 1951, kuma abin da ke raya irin wannan tsari shi ne amsa. Wanda ya kawo shawara yana buƙatar ya ji cikin 'yan kwanaki an karɓa ko ba a karɓa ba, da dalili. Shiru sau biyu ya isa ya rufe bakin mutum.

Rage ruwa ba zai taɓa tsaftar abinci ba?

Wannan tambaya ce ta gaskiya, kuma idan tsimi ya ci karo da lafiyar mai cin kifi, tsimin ne zai ja da baya. Duk canjin da ya shafi wanki sai ya bi ta hannun masu kula da tsarin HACCP, wato tsarin gano haɗarin gurɓacewar abinci da hana shi, a gwada tebura da injina bayan wankin a ga ko ƙwayoyin cuta sun ragu ko sun ƙaru. Sau da yawa ma abubuwan biyu hanya ɗaya suke bi, domin feshin ruwa mai tsananin ƙarfi yana iya watsa ƙwayar cutar listeriya, mai gurɓata abinci, daga magudana zuwa kan kayan aiki, kuma ita wannan ƙwaya tana hayayyafa ko a cikin sanyin firiji. Inda haɗarin yake shi ne a sa wa ma'aikata adadin ruwan da ba za su wuce ba, a haɗa shi da hukunci, sai su fara gajarta wanki don allo ya yi kyau.

Me ma'aikaci zai samu?

Idan ana biyan mai yanka bisa kilo nawa ya yanka, duk mintin da ya tsaya ware ragowa ko rufe famfo daga aljihunsa ya fita, kuma babu jawabin da zai rinjayi wannan lissafi. Sai an gyara tsarin biyan, ko a haɗa ladan da yawan tsokar da aka fitar daga kowane kifi, wanda shi ma yana rage shara. Tukwici ga sashe gaba ɗaya ya fi na mutum ɗaya, don kada a riƙa ɓoye dabara. Akwai kuma ribar da jiki ke ji nan take: daɓen da ba ya santsi, da raguwar ƙarni, da saurin gano yoyon amoniya a injinan sanyi, iskar da ke ƙona ido da huhu. Wajibi ne kuma a tabbatar wa ma'aikata, a gaban wakilan ƙungiyarsu idan suna da ita, cewa wanda ya kawo rahoton zubar mai ko sinadari ba zai fuskanci hukunci ba, kuma tsimin da aka samu ba zai zama dalilin sallama ba.

Yaya ake yi da ma'aikatan wucin gadi da ke zuwa lokacin kakar kifi?

Su ne suke shigowa daidai lokacin da aiki ya fi yawa, wasunsu kuma ba sa jin harshen da aka rubuta umarni da shi. Abin da ya fi aiki shi ne hoto a jikin bango kusa da injin, mai nuna rariya a mazauninta da kwandon da kowace ragowa ke shiga, sannan a haɗa sabon zuwa da tsohon hannu na kwanakin farko. Idan kaka ta wuce, sai kwamitin ya zauna da alkaluman mitoci, ya kwatanta makonnin cunkoso da na sauƙi, ya ga sashen da ruwansa ya fi hawa, a gyara horon wannan sashe kafin jiragen kamun kifi su sake dawowa.