The Stand: littafin Stephen King kan annobar da ta share duniya

The Stand ƙagaggen labari ne na ban tsoro da marubucin nan ɗan Amurka Stephen King ya rubuta, kamfanin Doubleday ya fara buga shi a 1978. Labarin wata mura ce da sojojin Amurka suka haɗa a ɓoye a matsayin makami, sai ta kuɓuce daga wani sansani a Kalifoniya ta kashe kashi 99.4 cikin ɗari na mutane. A cikin littafin Captain Trips ake ce mata.

Wani mai gadin sansanin ne, Charles Campion, da ya ga abu ya ɓaci sai ya kwashi matarsa da 'yarsa suka gudu kafin a rufe ƙofa, bai san har ya kamu ba, yayi ta tuƙi har motarsa ta afka wani gidan mai a garin Arnette na jihar Texas, daga nan kuma sai dai Allah ya kyauta, wannan ya shafa wa wancan, gwamnati tana ta musu tana toshe bakin 'yan jarida har gawa ta cika tituna. Amma fa annobar da wuri take gama ɓarnarta, mafi yawan littafin akan waɗanda suka rage ne. Akwai Stu Redman da cutar bata kama shi ba, da Frannie Goldsmith mai juna biyu, da mawaƙi Larry Underwood, da Nick Andros kurma kuma bebe. Dukansu mafarki iri biyu suke ta yi, ko su ga wata tsohuwa baƙar fata 'yar shekara 108 mai suna Abagail a Nebraska tana kiransu, ko su ga Randall Flagg wanda shaiɗan ne kawai a siffar mutum. Mutanen tsohuwa suka taru a garin Boulder na jihar Colorado, na Flagg suka tare a Las Vegas.

Bugun farko shafi 823 ne, saboda kamfanin ya sa an yanke wajen shafi 400 dan kar kuɗin littafin yayi yawa. A 1990 King ya dawo da mafi yawan abun da aka cire, littafin ya haura shafi 1,100, ya kuma matsar da lokacin labarin zuwa 1990. Har yau masu karatu suna gardama akan wanne yafi. Wasu sunce na farkon yafi tafiya da sauri, wasu kuma basa yarda da komai sai dogon, kuma gaskiya suna da hujja, dan a dogon ne akwai babin da ya bi mutanen da suka tsira daga cutar amma ƙananan abubuwa suka kashe su, wani ciwo ya ruɓe babu likita, wani yaro ya faɗa rijiya babu mai jin kukansa. Wannan babin yafi duk wani dodo na cikin littafin taɓa zuciya.

Babbar gardamar dai akan ƙarshen ne. Wani mai taɓin hankali da ake kira Trashcan Man ya jajibo bam ɗin nukiliya ya kawo Las Vegas, sai wani abu mai siffar hannu ya bayyana a sama, wanda aka kira hannun Allah, bam ya tashi da garin baki ɗaya. Da yawa suna ganin King ya rasa mafita ne bayan doguwar tafiya. Amma tun mafarkin farko littafin yake nuna ba dabarar mutum ce zata raba faɗan ba, mutum huɗu daga Boulder da suka nufi Las Vegas dan tunkarar Flagg ma a ƙafa aka tura su, babu guzuri babu makami.

An mayar da shi fim mai dogon zango sau biyu, a 1994 a tashar ABC, sai kuma 2020 inda Whoopi Goldberg ta fito a matsayin Abagail. Na biyun ya fito ana tsaka da korona, lokacin mutane da yawa sun koma karanta littafin, har King da kansa ya fito a Twitter a watan Maris na shekarar yana cewa korona bata kai cutar littafinsa ba ko kusa, a dai kiyaye. Shi ne ma ya rubuta kashi na ƙarshe na wannan fim ɗin, ya ƙara wa Frannie labarin da babu shi a littafi.