Ku Yi Gudunku a Fadama, Amma Ku Daina Faɗawa Ruwan Nan

Tun da ruwan damina ya fara ja baya, da wuya mako ya fita ba tare da wani saurayi ya shigo ɗakin shan maganinmu yana sunkuyar da kai ba. Zai gaishe ni, ya raɓe a ƙarshen benci, ya jira sai matan da suka kawo yara awo sun watse, sannan ya matso ya ce, "Likita, akwai 'yar magana." Kafin ya buɗe baki na san maganar. Jini ne a ƙarshen fitsari, wato tsargiya. In miƙa masa roba in nuna masa bayan gida, ya dawo da ita a ƙunshe cikin baƙar leda kamar wanda ya yi sata.

A da na san masu tsargiya: 'yan firamare, almajirai, masunta, masu dashen shinkafa. Yanzu ga wasu sun shigo sahu, masu gudun motsa jiki. Wannan yana shirin tantancewar shiga soja, wancan aikin ɗan sanda yake nema ko kwastam, wasu kuma 'yan ƙwallo ne da kocinsu ya ce su ƙara numfashi. Sun gano hanyoyin ƙafa da suka ratsa fadamar nan, ta gefen gandun Baturiya a Kirikasamma ta jihar Jigawa, da kan jingar da aka yi don tare ambaliya. Ana idar da sallar asuba za ka ga sun bi sahu ɗaya, ana ƙirga musu taku da waƙa.

Gudun kam ban ga laifinsa ba, ni ma nakan bi hanyar da ƙafa in hawan jinina ya motsa. Ƙasar tana da laushi, ba ta cin gwiwa kamar kwalta, babu hayaƙin babura, ga inuwar goruba. Da hunturu kuwa kana tafe kirinjijiya na tashi garke-garke a gabanka, zalɓe na tsaye da ƙafa ɗaya bai ko kula ka ba, ga baƙin tsuntsayen da suka tsallako Sahara daga Turai. Saboda su ne aka sa Baturiya da Dagona ta jihar Yobe cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2008, bayan tafkin Nguru da ya shiga tun 2000. Allah Ya ba mu wuri mai kyau, ku more shi.

Abu ɗaya ne ya dame ni. In kun gama gudu, zufa ta jiƙa ku, sai ku tuɓe riguna ku rataye a kan kaba, ku faɗa ruwa. Shi ke nan. An gudu ba a tsira ba.

Na faɗa a masallaci bayan Juma'a, na faɗa a filin ƙwallo, na tare ku a bakin jinga na faɗa. Kowa ya ce "To, Baba," washegari in hango kawunanku a cikin ruwa kamar 'yan agwagi. Wane irin kunnen ƙashi ne wannan?

Uzurorinku duk na haddace su. Wani ya ce ai ruwan garau yake, har yashin ƙasa ana gani. Abin da ke shiga jikinka ya sa maka tsargiya ido ba ya ganinsa, ɗan'uwa, daga cikin ƙananan dodon koɗin da ke maƙale a ciyawa yake fitowa, kuma ruwa mai haske bai hana shi ba. Wani ya ce ai ban sha ba. Wa ya ce maka sai ka sha? Ta fata yake ratsawa. Wani ya ce ƙafa kawai na wanke, wani ya ce alwala ce kurum, wani ya ce ko minti biyar ban yi ba kuma da na fito na goge da tawul. Ƙafa fata ce, hannu fata ne, 'yan mintocin nan sun ishe shi, tawul kuma ba abin dogaro ba ne. Ƙaiƙayin nan da kuke ji bayan kun fito, kuna cewa ciyawa ce ta taɓa ku, sau da yawa shi ne sallamar baƙon.

Kuma ku duba lokacin da kuka zaɓa. Kun fita da asuba, kun yi gudu, kun tsaya atisaye, kun yi hira, sai hantsi ya dubi ludayi sannan ku shiga ruwa. Daga hantsi zuwa azahar ne abin ya fi cika ruwan. Kamar da gangan.

Dattawa za su gaya muku fadamar nan ba haka take ba a da. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan ta canja, kachala ta mamaye magudanai, ruwa ya koma kwanciya wuri ɗaya wata da watanni. Irin wannan ruwan na gindin kachala, mai sanyi da inuwa, wanda ya fi ba ku sha'awa in kun gaji, shi ne gidan dodon koɗi.

Masunci ina tausaya masa, abincin iyalinsa na cikin ruwan. Manomin shinkafa ma haka, ba shi da zaɓi, sai dai mu bi shi da magani duk shekara. Kai fa? Kai da ka fito neman lafiya da takalminka na kanbas mai tsada, me ya kai ka? Gida bai fi tafiyar rabin awa ba, ga rijiya, ga famfon tuƙa-tuƙa a bakin gari. Zufar ba za ta kashe ka kafin ka isa ba.

Akwai wani yaro da har yanzu yake raina. Watanni ya yi yana gudu don shiga soja, bai taɓa fashi ba, jiki ya murɗe, kowa na yaba masa. Da ya fara ganin jini sai ya yi shiru. Abokai suka ce ciwon sanyi ne, ya je kemis ya sayi kafso ya sha, wani dattijo kuma ya ce masa ai alamar cikar namiji ce, kowa ya yi. Sai ana saura kwanaki kaɗan tafiya ya zo wurina, idanunsa sun yi fari, yana haki a gudun da da yake yi yana raha. Na ba shi magani, amma jinin da ya zuba ba a kwana uku yake dawowa ba. Ya tambaye ni ko zai wuce gwajin lafiya. Na rasa abin da zan ce masa.

Maganar balaga ɗin nan, don Allah iyaye a bar ta haka. Namiji ba ya haila. Jini a fitsari ciwo ne, in aka bar shi ya shekara yana cin mafitsara, ya taɓa ƙoda, ya kan kai ga hana haihuwa, har da kansar mafitsara a ƙarshe. Mata ma suna kamuwa, su nasu ya fi ɓuya, ana ta yi musu maganin sanyi ba ya ji.

Maganin tsargiya sananne ne, praziquantel, shi ne wanda ake raba wa yara a makarantu bayan an auna tsayinsu da sanda. Yana aiki. Amma ba rigakafi ba ne, ba ya tsare ka daga shigar gobe. Nan ne kuke ƙona mini rai. In ba mutum magani ranar Litinin, Laraba in gan shi a ruwa yana ɗaga mini hannu. Ina tufka kuna warwara.

Sai ɗaya kuma, tunda mun zo nan: wanda ya tsaya a bakin ruwa ya yi fitsari, shi ke shuka ciwon. Mai ɗauke da shi ya zuba, dodon koɗi ya karɓa, ya mayar wa ƙaninka da ke zuwa kamun tarwaɗa. Ku nisanci ruwa in ta matse ku.

Ga abin da nake so, ba shi da yawa:

- Kada ka shiga ruwan fadama, ko da ƙafa ɗaya.
- Ɗauki gorar ruwa daga gida, ta sha da ta alwala.
- In ruwa ya yanke hanya, juya ka sake wata. Kada ka cire takalmi ka ratsa.
- Takalmi a ƙafa kullum, akwai kububuwa da asuba.
- In dole ne a yi wanka da ruwan tafki a gida, a tafasa shi, ko a ajiye shi kwana biyu a rufe.
- Koci, kai ne babba, in ka ce kada a shiga ba mai shiga.

Duk wanda ya san ya taɓa faɗawa ruwan nan a bana, ya zo a duba shi ko bai ga jini ba tukuna, don yakan ɗauki makonni kafin ya nuna. Ku zo tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, a lokacin gwajin fitsarin ya fi kamawa. Ku ci abinci kafin ku taho, maganin ba ya son cikin da babu komai. Ba sai kun jira mata sun watse ba, ku ce mini "gudu" kawai, zan gane.